Baba Fasto, dan Allah a buɗe mana Littafin

Ɗan yayata ne ya sa na zauna rubuta wannan abin. Yaro ne ɗan shekara 22, yana tsaron shagon kayan wuta a kasuwar Sabon Gari, a coci aka raɗa masa suna a coci ya tashi, shi ne ma mai buga ganga a ƙungiyar matasa, da wuya Lahadi ta wuce ba ka gan shi ba. Ran nan da yamma ya shigo gidana ko zama bai gama yi ba ya ce, "Kawu, dan Allah wai da gaske Allah uku muke bauta wa?" Na ce wa ya gaya maka haka. Ya ce maƙwabcin shagonsu ne, wani saurayi sa'ansa Musulmi, kwano ɗaya suke cin abinci kullum, kuma ba faɗa ba ne ba tsokana ba, hira ce ta kai su wurin bayan la'asar da ciniki ya lafa, ya tambaye shi wai ya za a yi ku ce Allah ɗaya ne sannan ku dawo ku ce Uba da Ɗa da Ruhu, kuma ya za a yi a ce Allah ya haihu. Na ce to kai me ka ce masa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce masa na yi abin sai da bangaskiya, na tashi na shige shago."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ban ga laifin yaron ba, ban kuma ga laifin abokin nasa ba, ai tambaya ce mai kyau ya yi, kuma duk Kiristan da ke zaune a garin nan ya san ko ba daɗe ko ba jima sai an yi masa ita, a adaidaita sahu ko a layin asibiti ko a teburin mai shayi. Abin da ya hana ni barci lissafi ne. Shekara 22 a coci, Lahadi sama da dubu kenan, kuma a cikinsu duk ba a samu rana ɗaya da wani ya buɗe masa Markus 12:29 ya nuna masa cewa Yesu da bakinsa ya ce Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne ba, ba wanda ya zaunar da shi a kan Yohanna sura 1 ko Luka 1:35 ya fahimtar da shi cewa in mun ce Ɗan Allah ba maganar aure da haihuwa irin ta mutane muke yi ba. Ni kaina ina cikin masu laifin, kawunsa ne ni, na kuma koyar a makarantar Lahadi shekaru. Amma yau da bagade nake, dan daga can abincin ikilisiya yake fitowa.

Ba zan kama sunan coci ba, dan ciwon ba na gida ɗaya ba ne, na zaga sujadar Hausa a Sabon Gari da Badawa da Brigade da ƙauyukanmu na kudancin Kano kuma kusan abu ɗaya nake gani. Za a shiga ƙarfe tara. Zumuntar Mata su yi waƙa, kwaya ta yi, matasa su yi, 'yan ƙungiyar Sabon Rai su yi, kuma ina son waƙoƙin nan har raina kada a yi min mummunar fahimta. Sai sakatare ya tashi da sanarwa, wasiƙa bayan wasiƙa, ta gunduma da ta biki da ta kwamitin gini, a yi baiko na farko a yi na biyu, masu godiya su fito da rawa iyali bayan iyali, kafin a ce mai wa'azi ya hau sha biyu ta gota, rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, in ba wuta fanka ta tsaya, yara na kuka, iyaye mata hankalinsu ya koma kan tukunya. A nan ne za ka ga dattijo ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa fasto wai a taƙaita lokaci ya tafi. Awa uku mun ba kanmu, Maganar Allah kuma minti goma sha biyar, shi ma muna duba agogo.

To minti sha biyar ɗin ma me ake yi da shi?

Bara an kawo mana wani baƙon mai wa'azi a taron farkawa na kwana uku. Mutum ne mai murya, ya iya tsayuwa, ya san yadda ake riƙe makirfo. Ya ce a buɗe Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominku, shirin alheri ba na masifa ba. Aya ɗaya tal aka karanta, ya rufe Littafin ya ajiye a gefe ya ɗora hankicinsa a kai, kuma har ya sauka bai sake taɓa shi ba. Daga nan sai, kafin ƙarshen watan nan wani a nan zai samu aiki, wata za ta yi aure, wani zai karɓi makullin mota, ku ce amin da ƙarfi, wanda amin ɗinsa ta fi ƙarfi shi zai fara karɓa. Ɗakin ya ɗauka kamar zai tsage. Can ƙarshe aka raba ambulan aka ce a shuka iri, mai dubu goma ya fara fitowa gaba, sai mai biyar, sai mai biyu. Ina zaune kusa da wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin layinmu, na ga ta kwance bakin zaninta tana ƙirga 'yan canji, ta ƙirga ta sake ƙirgawa ba su kai ba, sai ta ɗaure ta sunkuyar da kai har aka tashi. Wannan sunkuyar da kan shi ne har yau ban manta ba, dan ta fita daga ɗakin sujada tana ganin Allah ya wuce ta saboda kuɗinta bai kai ba.

Da na koma gida na buɗe surar na karanta tun daga sura 28, kuma dan Allah duk mai Littafi a kusa ya buɗe ya gani da idonsa. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila. Aya ta 10, wadda take manne da wadda aka karanta mana, ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. Saba'in fa! Yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a can za su mutu a can za a binne su. Kuma a sura 28 akwai wani annabi Hananiya, shi ne ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya dan mutane su gani, kuma a shekarar nan ya mutu. Wato surar da aka ɗauko aka yi mana alkawarin kafin ƙarshen wata da ita, ita ce ainihin surar da take jan kunne a kan masu irin wannan alkawarin, a aya ta 8 da ta 9 ƙarara aka ce kada ku bari annabawan da ke cikinku su ruɗe ku. Sannan ga abin da ya fi taɓa ni a aya ta 5 zuwa 7, Allah ya ce musu ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da kuke ciki ku yi masa addu'a, dan a cikin lafiyarsa ne za ku samu taku. Ku gaya min, akwai maganar da Kiristan Kano yake bukata ya ji kamar wannan? Mu da kullum ake ce wa yaranmu su tattara su koma Jos ko Abuja, mu da wasu cikinmu nan ne asalinmu ba mu da wani garin da za mu koma, kakanninmu a ƙasar Kano aka binne cibiyarsu. Ga abinci a cikin tukunya har ya yi yawa, aka rufe murfi aka ɗora hankici a kai aka ba mu ƙamshi.

Abin da nake roƙo bai fi wannan ba, fasto ya ɗauki littafi guda, Markus ko Romawa ko Farawa, ya fara daga aya ta farko ya bi da mu a hankali mako bayan mako har ƙarshe, ya karanta, ya faɗi ma'ana, ya nuna mana inda ta shafe mu. Haka aka yi a Nehemiya 8:8, an karanta a fili an fassara har jama'a suka gane. Amfaninsa shi ne fasto ba zai iya tsallake wurin da ba ya so ba. In ya zo kan zina dole ya faɗa ko da mai ba da babban baiko ne abin ya shafa, in ya zo kan ƙabilanci dole ya faɗa ko da danginsa ne suka cika kujerun dattawa, in ya zo kan shan wuya saboda sunan Almasihu ba zai iya mai da shi makullin mota ba. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20 cewa bai ji nauyin sanar da su dukan nufin Allah ba. Mu kam ayoyi kamar goma ne ake ta juya mana shekara da shekaru, Malakai 3:10 in kuɗi ya yi ƙasa, Filibiyawa 4:13 in jarrabawa ta matso, ba tare da an taɓa gaya wa yaran cewa daga kurkuku Bulus ya rubuta ta ba kuma maganar jure yunwa da ƙoshi yake yi, sai kuma Zabura 105:15 ta kada a taɓa shafaffu, wadda ake zarowa duk ranar da wani ya yi tambaya a kan kuɗin gini.

Kuma wannan tsarin ba baƙo ba ne a Kano, shi ya sa nake mamakin masu cewa mutanenmu ba za su iya zama su saurara ba. In azumi ya zo buɗe rediyo ka ji tafsiri, mai jan baƙi ya ja aya malam ya fassara, ya ja ta gaba ya fassara, inda aka tsaya bana nan za a ɗora baɗi, kuma 'yan kasuwa da masu faci da direbobi suna zaune suna ji. Shiga lungunan cikin gari bayan magariba ka ga magidanta a zaure kowa da littafinsa a gaban malami layi bayan layi. Ban yarda da abin da suka gaskata game da Yesu ba, su ma ba su yarda da nawa ba, kowa ya san wannan, amma na ga yadda suka ɗauki karatun addininsu da nauyi kuma abokin ɗan yayata daga irin wannan zauren ya fito. A gari irin wannan ne muke sallamar yaranmu kasuwa ran Litinin da amin mai ƙarfi kawai a hannu.

Ga shi Littafin nan ba da araha ya iso hannunmu ba. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, sun sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar nan, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans da Thomas Kent, Rowland Bingham kaɗai ya koma da rai. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu suka iso har Kano, Sarki Alu ya ce su bar garin, suka juya. Miller ya zauna ƙasar Zazzau shekara da shekaru yana aikin fassara tare da Hausawan da suka san harshen ciki da bai, sai a 1932 aka samu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, da wannan Littafin ta koyi karatu tana bin baƙaƙe da yatsa a gaban fitilar ƙwai, kuma har ta tsufa in mai wa'azi ya kauce za ka ji ta daga kujerar mata tana cewa a hankali, "A'a, ba haka aka rubuta ba." Irin mutanen Biriya kenan da aka yaba a Ayyukan Manzanni 17:11, masu bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, kuma Bulus ne fa mai wa'azin. Yau jikokinta muna da Littafin a waya kyauta, Hausa da Turanci, amma abin da muke tura wa juna a WhatsApp bidiyon wani annabi ne da aka yanko daga TikTok.

Maganar man shafawa da ruwa da hankici da ake sayarwa da sunan albarka kuwa ita ta fi min ciwo saboda inda na fito. Mu jikokin Maguzawa ne. Ranar da kakana ya karɓi bishara sai da ya fito da layu da guraye da ƙahon da ke rataye a bakin ƙofa aka ƙona a tsakar gida, 'yan'uwansa suka daina cin abinci da shi, duk ya jure dan ya gane cewa ba a sayen kariyar Allah kuma ba a ɗaure ta a ƙugu. Yanzu a ce jikarsa ta hau mota ta je ta sayo 'yar kwalbar mai da hoton wani mutum a jiki tana shafa wa ƙofar shago dan ciniki ya buɗe, to me ya canza ban da kwalbar? Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi da ya riƙe sakatarancin ikilisiyar ECWA kafin ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, tun kafin rasuwarsa a teku a Mombasa a 1975 yana ɗan shekara 39 yake ta gargaɗi a kan cakuɗa bishara da abin da ba ita ba. Bitrus kuma bai yi wa Siman mai sihiri ladabi ba sa'ad da ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah, ce masa ya yi kuɗinka su hallaka tare da kai.

Na san abin da za a ce min, an ma sha faɗa min. Wani fasto abokina, mutumin kirki ne ƙwarai, ya ce min, "Malam, kai ba ka san abin da muke gani ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutum zai zo sujada bai karya ba, bai biya kuɗin makarantar yara ba, mai gida ya ba shi notis, in na tsaya ina bayanin yadda Allah yake karɓar mutum a matsayin mai adalci ta wurin bangaskiya mako mai zuwa zan same shi a wancan cocin mai manyan lasifika." Gaskiya ya faɗa kuma ban raina ta ba. Mai jin yunwa yana bukatar bege, yana ma bukatar kwanon masara, kuma ikilisiyar da ta iya koyarwa amma ba ta san gwaurayenta sun kwana da yunwa ba ita ma ta kauce. Akwai kuma masu koyarwar da suke kashe mutane da barci, su kwaso takardun makarantar tauhidi su zo suna karanta mana, rabi Turanci rabi Hausa, kalmar Helenanci nan ta Ibrananci can, tsohuwa ta fita ba ta tsinci komai ba, wannan ma rufe Littafin ne ta wata hanya. Amma begen da aka sa wa ranar ƙarshen wata, in watan ya ƙare fa? Gwauruwar nan wata goma sha biyu sun wuce tana nan a bakin kaskonta. Ni na san mutum biyu da suka daina zuwa coci gaba ɗaya, kuma ba tsanani ne ya kore su ba, alkawari aka yi musu da sunan Allah wanda Allah bai yi ba, da bai cika ba suka ce Allah ne ya yi ƙarya.

Mu da muka ga 2012 da 2013 a garin nan ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Ranar 20 ga Janairu 2012 gari ya kama da wuta, a Afrilun shekarar aka shiga kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar New Road cikin manyan motocin da ke shirin tafiya kudu. Musulmi sun mutu Kirista sun mutu a shekarun nan. A lokacin muna da wani tsohon fasto, ba shi da murya, in yana wa'azi sai ka matso, ba shi da mota sai wani tsohon babur da sai an tura. 'Ya'yansa sun yi ta waya daga gida ya taho ya ƙi. Wasiƙar Bitrus ta fari ya ɗauka ya bi da mu aya aya wata da watanni, kan baƙi da masu wucewa, kan kada ku yi mamakin wutar gwaji, kan kada ku rama mugunta da mugunta, kan ku zauna a shirye ku ba da amsa ga duk mai tambayar dalilin begenku amma da tawali'u da ladabi. Akwai Lahadin da ba mu fi mu talatin ba, ana caje mu a bakin ƙofa, ya hau ya buɗe inda aka tsaya kamar ɗakin a cike yake. Ran Litinin kuma yana kan babur gida gida. Na raka shi gidan wata mata da ta rasa ɗanta, ya zauna a tabarma ya fi rabin awa bai ce komai ba, can ya ce, "Mama, ban san dalili ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na san Wanda ya tashi daga matattu." Ya buɗe Yohanna 11 ya karanta mata a hankali. Matar nan har yau tana layin gaba a Zumuntar Mata.

Kuma ga inda laifin ya dawo kanmu 'yan ikilisiya. Wannan tsohon da ya yi ritaya, abin da muka sallame shi da shi kunya ba za ta bar ni in faɗa ba, akwai watannin da albashinsa bai fito ba yana noma 'yar gona a bayan gari dan ya ci, alhali baƙon da ya zo kwana uku an kama masa ɗaki a otal an cika masa ambulan an raka shi har mota. Yaran da ke makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa da Kagoro da Jos suna kallo fa, sun ga wanda muke girmamawa sun ga wanda muke bari da babur ɗin turawa. Mun iya karanta wa fasto 1 Timoti 3 a kan halin da ya kamata ya kasance da shi, amma mun tsallake 5:17 da ta ce masu wahala wajen wa'azi da koyarwa sun cancanci girma ninki biyu. Mutumin da muka mai da shi direban asibiti da alƙalin rikicin aure da shugaban kwamitin gini da mai neman bashi, yaushe zai zauna ya yi nazari? Daren Asabar ƙarfe goma sha ɗaya zai buɗe waya ya kwafo na wani.

A taron dattawa na watan jiya na kawo shawara uku, a mai da wa'azi gaba kafin sanarwa da godiya, a bar wa fasto kwana biyu a mako ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa sai in mutuwa aka yi ko rashin lafiya, sannan duk baƙon da za a ba bagade a san abin da yake koyarwa tukuna. Ta farko an ce za a duba, ta biyu an yi dariya, ta uku an karɓa. Baba Fasto na yanzu dai ya yarda mun fara Markus ran Laraba da yamma bayan an taso kasuwa. Makon farko mu tara ne, na biyu mu goma sha huɗu. Ɗan yayata ya zo da 'yar takarda a aljihu, tambayoyi huɗu ne abokinsa ya ba shi ya ce ya kawo masa amsa, ta farko ita ce in Yesu Allah ne wa yake yi wa addu'a. Baba ya karɓa ya karanta ya ninke ya sa a cikin Littafinsa, ya ce, "Ɗana, ka gaishe min da abokin nan naka, ka ce masa na gode. Wannan za mu same ta tun a sura 1 aya 35, ka zo da biro ran Laraba."